Rijiyoyin da Baba Bai Gama Aunawa Ba

Tun Baba yana da ƙafarsa, yana fita masallaci da kansa ya dawo da ƙosai a leda, akwai abin da yake hana ni sakewa. Tsorona kada Allah ya karɓi ransa suna cikin wannan hali da ɗansa, wato maigidana. Ba faɗa suke yi ba, da faɗa ne ma da na fi samun sauƙi. Gaisuwa ce kawai ta rage a tsakaninsu. Da safe maigida zai durƙusa a ƙofar ɗakin Baba ya ce ina kwana, Baba ya ce lafiya lau, shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Mutanen da a da sai Hajiya, matar Baba, ta aika a ce musu tuwo ya huce kafin su bar hira. Ina shara ina kallonsu. Ban gaya wa kowa ba. Ni matar auta ce a gidan, karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, wa ya aike ni shiga tsakanin uba farfesa da ɗa dakta?

Abin da nake tsoro shi ya faru. Baba ya rasu a bazarar bana, ana tsakiyar zafi, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Allah Ya jiƙansa, Ya sa can ta fi masa nan.

Tagar ɗakina tana kallon ƙofar gida, inda aka kafa rumfar zaman makoki, don haka ko ban so ba sai na ji maganar maza. Mutanen jami'a sun zo da yawa, motoci har sun toshe layinmu, masu keke suna ta ƙorafi. Bayan an yi addu'a an shafa, sai hira ta ɓalle ƙasa-ƙasa. Na ji wani yana cewa, "Mutum ne mai gaskiya, amma ya ɓata wa kansa lokaci. Dubi nan." Na leƙa, na ga yana nuna wa na kusa da shi fuskar wayarsa. Na san abin da yake nunawa, don Baba ya taɓa yin bayaninsa ina ji. Akwai wani wuri a intanet da ake ƙirga sau nawa wasu malamai suka ambaci aikinka a cikin rubutunsu, kuma da wannan lambar ake gane nauyin mutum yanzu. Mai wayar ya ce, "Ɗaliban da ya yaye ma sun wuce shi nesa."

Wani dattijo ya ce, "Mai da wayar nan aljihu, a gidan makoki kake."

"Ai ba zaginsa nake yi ba, ranka ya daɗe. Lissafi ne."

Sai wani mai kakkausar murya ya ce, "Ni ya taɓa dawo mini da takarduna, ya sa aka jinkirta mini zama farfesa. Na daɗe ba na gaishe shi."

"To yanzu ka yarda ya yi daidai?"

"Ban ce ya yi daidai ba. Na dai zo."

A cikin gida kuwa, Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo daga cikin birni, tana kuka tana faɗa a lokaci guda. Ta ce duk bokon nan da ɗan'uwanta ya yi, har ƙasar waje, ƙarshenta ya ƙare a leƙen rijiyoyin mutane kamar mai neman gugan da ya faɗa. Maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan masarufi a bakin layi, wadda duk muke kira Madam, ta shigo da ɗankwalinta ta zauna a tabarma ta yi kuka sosai. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, "Maman yarinya, ba lokacinsa ba ne, ki yi haƙuri. Amma Baba ya ɗebi ruwan rijiyata, ya ce bai ga komai ba, ya ce kuma kada in saki jiki sai ya sake gani da damina. Yanzu wa zai gaya mini? Yarana suna sha." Hajiya kuwa duk ranar tana jan carbi. Sai da aka kawo mata labarin abin da ake faɗa a waje ta ce, "Ya gaji. Su bar shi ya huta, su daina auna shi."

Na rubuta wannan ne don ina ganin idan na yi shiru, abin da zai rage na Baba shi ne wannan lambar ta cikin waya da kuma maganar Gwaggo. Ni kuwa na zauna da shi a gida ɗaya, na ga wasu abubuwa.

Mutum zai yi mamakin yadda ni, suruka, na san aikinsa, alhali ko ido ba ma haɗawa. Ta bakin 'yata muke magana. Tun tana goye Baba yake kiranta amaryarsa, irin wasan kaka da jika. Idan yana son ya gaya mini abu sai ya gaya mata, ni ma in ba ta amsa ta kai masa, ita kuwa tana can tana tsotsar yatsa.

Ko bayan ya yi ritaya, jami'o'i ba su daina aiko masa da ƙunshin takardu ba. Idan malami yana neman a yi masa farfesa, sai a tattara duk abin da ya rubuta a aika wa wani babba a wata jami'a, ya duba ya ce ya cancanta ko bai cancanta ba. Baba yakan fito da kujerarsa ta roba gindin mangwaron tsakar gida, da jan biro, da kofin shayin da kullum yake mantawa har ya huce. Wasu, in ji shi, ƙirga takardun kawai suke yi, su duba sunan mujallar da ta buga, su ba da maki. Shi sai ya karanta kowace ɗaya, sannan ya gwada faɗin abin da ke cikinta da Hausa. Ya ce idan ya kasa faɗa wa mutum da Hausa abin da aka gano, to ko shi ne bai gane ba, ko mai takardar ne bai gano komai ba, kuma dole ya san wanne ne kafin ya sa hannu.

Wata rana ina tsintar wake sai na ji ya ce, "Amarya, zo ki ji. Wannan bawan Allah ya sayo zoɓon leda a tasha, ya auna, ya ga akwai ƙwayoyin cuta. Tambayi uwarki, ta gane?"

Na ce, "Ce wa Baba mun gane."

"Madalla. Ga ta biyu. Ya koma tashar nan dai ya sayo kunun zaƙi, ya auna, ya ga akwai ƙwayoyin cuta. Ga ta uku, kunun aya. Amarya, ina jin rana ɗaya ya je tashar nan da buhu. A ofis za a ce aiki uku ne. Ni kuma so nake ya gaya mini daga ina cutar take shiga, daga ruwan ne, ko hannun mai ƙullawa, ko ledar? Bai tambaya ba."

Na yi dariya har na rufe baki da mayafi. Amma ba kullum ake dariya ba. Akwai ranar da ya yi ta ƙoƙarin yi mana bayanin aikin wata malama, ya faɗa ta nan, ya faɗa ta can, ni dai ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na ce wa 'yata ta ce wa Baba mun kasa. Ya ce, "Wannan ba laifin malamar ba ne, aikinta ya fi duk na cikin kwalin nan. Hausata ce ta gaza. Ku ba ni zuwa gobe." Washegari kuwa ya dawo da misalin yadda ƙullu yake tashi idan ya kwana, na ɗan kama bakin zaren. Ya yi murna kamar an yi masa kyauta.

Kada a ɗauka Baba yana ƙin ƙirgan nan gaba ɗaya. Na ji wani tsohon ɗalibinsa ya zo yana kuka da tsarin, yana cewa a soke shi. Baba ya ce masa, "Kai ba ka ga lokacin da babu ƙirgan ba. A lokacin, wanda shugaban sashe ya san ubansa shi ake ɗagawa. Ni ɗan mai gyaran keke ne. Ba don an ce a kawo takardu a ƙirga ba, da har na mutu ina riƙe wa wasu jaka. Ƙirgan ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne an ƙirga an tashi, babu wanda ya zauna ya karanta." A gaban baƙi yana kare tsarin, idan sun tafi kuma ya yi ta tsaki shi kaɗai a kan takardun.

Maganar rijiyoyi ta faro ne daga 'yata, damina biyu da suka wuce. Gudawa da amai suka kama ta, cikin yini ɗaya idanunta suka faɗa. Maigida ya yi tafiya wani taro. Na rikice, na rasa ma inda na ajiye hijabina. Baba, da shekarunsa, shi ya fita bakin titi ya tsayar da keken haya, shi ya karɓe ta daga hannuna ya rungume har asibiti, amanta yana zuba a babbar rigarsa bai ko duba ba. A ranar ce kaɗai ya yi mini magana kai tsaye. Ya ce, "'Yata, ki daina kuka, ki riƙe mata hannu." Ɗakin da aka kwantar da mu cike yake da yara, kuma da yawa daga cikin iyayen na san fuskokinsu, 'yan unguwarmu Tudun Wada ne. Da aka sa wa 'yata ƙarin ruwa ta samu barci, sai na ga Baba yana bin gadaje yana gaida mata, yana tambaya, "Ruwan ina kuke sha a gida?"

Da muka dawo, da rijiyar gidanmu ya fara. Ya ɗebi ruwan a wata 'yar kwalba, ya saka ta cikin kula mai ƙanƙara, ya kai wa wani ɗalibinsa da ke aiki a ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, tamu ma ba ta tsira ba, ashe ramin masan gidan bayanmu yana jikin katangar da ke kusa da ita. Tun daga ranar rijiyarmu ta zama ta wanki da wanke-wanke, na sha kuwa sai an tafasa. Daga nan ya shiga layinmu, daga layinmu ya shiga na gaba. Kowace Asabar bayan ya karya, zai ɗauki kularsa ya fita. Da yake tsoho ne mai furfura, ko gidan da ba a shiga, sai a ce, "Baba ne, shigo," mata su ja mayafi su ci gaba da aikinsu.

Yana da ƙa'ida, kuma a kanta komai ya tsaya daga baya. Rijiyar da ya samu da cuta, a ranar da sakamako ya fito zai koma ya faɗa wa masu gidan. Wadda bai samu komai ba kuwa, ba zai ce lafiyarta ƙalau ba sai ya gan ta a rani biyu da damina biyu cikakku. Ya ce damina ɗaya tana iya ruɗin mutum, don wata shekarar ruwa yana yin ƙasa, ƙazanta ba ta kai ga rijiyar ba, wata shekarar kuma ta kai. Irin waɗannan yakan sa musu alamar tambaya. Ta Madam tana cikinsu, da wasu da yawa.

Ba kowa ya gode masa ba. Wani Alhaji mai gidajen haya a bayan layinmu ya tare shi a ƙofar gida, ina jin su ta taga. Ya ce, "Farfesa, ka zuga mini 'yan haya, kowa yana cewa in haƙa masa burtsatse."

Baba ya ce, "Ni ban ce su tayar maka da hankali ba, Alhaji. Cewa na yi su tafasa ruwan."

"Da wane gawayin? Kai za ka cika musu tukunyar gas? Mai yara bakwai, ya tafasa na sha ko ya dafa abinci? Kun iya faɗa wa mutum ciwonsa ku wuce."

Na zaci Baba zai ba shi amsa, don ba a cin sa a magana. Sai ya juya ya bar shi a nan. Ya shigo ya zauna a gindin mangwaro, abincin rana ma bai taɓa ba. Can ya ce, "Amarya, mutumin nan ya tambaye ni abin da babu a cikin karatuna." Bai taɓa cewa aikinsa ya ceci kowa ba. Ya sha faɗa cewa bai sani ba ko an samu raguwar yaran da ke kwanciya, don bai auna wannan ba, kuma abin da bai auna ba ba zai yi alfahari da shi ba. Wasu gidajen da ya gargaɗa har yau daga guga suke sha, ya sani, kuma abin yana cin sa.

Yanzu sai maganar da ta raba shi da ɗansa. Maigida malami ne a jami'a, fanninsu ɗaya da Baba. An daɗe ba a yi masa ƙarin girma ba, duk lokacin da ya nema sai a ce takardunsa ba su kai ba. Abokansa kuwa suna da wata dabara. Idan ɗaya ya rubuta takarda sai ya sa sunayen sauran, su ma idan sun rubuta su sa nasa, kowa lissafinsa ya hau. Maigida bai shiga ba, don kunyar Baba. Ina ganin yadda yake dawowa gida, ya ajiye jaka ya zauna bai cire takalmi ba. A ƙarshen daminar bara, bayan la'asar, ya samu Baba a tsakar gida. Ina kicin, babu yadda zan yi in toshe kunnena.

Ya ce, "Baba, abin da ka tara a kan rijiyoyin nan ya isa takarda huɗu. A fitar da na rani daban, na damina daban, a raba unguwar gida biyu. A sa sunana a ciki, in shiga da su bana."

Baba ya ce, "Ka taɓa ɗiban ruwa ko kwalba ɗaya?"

"Ban ɗiba ba. Amma ni ɗanka ne."

"Wurin sa suna a takarda ba a tambayar ɗan waye."

Sai muryar maigida ta canza, ban taɓa jin ya yi wa Baba magana haka ba. Ya ce, "Baba, lokacinku da mutum zai shekara biyar a kan aiki ɗaya ya wuce. Ajin da nake koyarwa wasu a taga suke tsayawa. Ɗakin gwajinmu yau babu wuta, gobe babu kayan aiki. Yaushe zan yi binciken? Yaran da na koyar sun kamo ni, wasu sun wuce. Kai ka riga ka zama farfesa, riƙe gaskiya ba ya cin ka komai yanzu. Ni yake ci."

Sannan Baba ya ce, "Mu fita tare ranar Asabar. Ka ɗauki kular, ka yi aikin da hannunka, sunanka ya zo gaban nawa. Amma takarda ɗaya ce, kuma sai bayan damina mai zuwa. Idan muka buga yanzu, za mu rubuta cewa rijiyoyi kaza lafiyarsu ƙalau, ni kuwa ban tabbatar ba."

"Kafin nan an rufe karɓar takardu."

"To a rufe."

"Abin da za ka ce mini ke nan?"

"Shi ke nan."

Maigida ya tashi ya fita. Daga ranar ne gaisuwa kawai ta rage. Hajiya ta yi ƙoƙari, yayan maigida ya zo daga Hanwa ya yi nasa, kowa ya ce babu komai. Bayan wasu kwanaki Baba yana ba 'yata ɓawon lemo tana wasa da shi, na ji ya ce, "Amarya, ubanki yana da rabin gaskiya. Da ba shi da ko kaɗan, da na fi samun sauƙi." Na so in ce wa 'yata ta ce masa ya kira ɗansa ya faɗa masa haka. Amma maganar ta fi ƙarfin wasan da muke yi.

Da ciwo ya kwantar da shi, maigida ne ya yi jinyarsa. Shi yake ɗaga shi, shi yake yi masa wanka, shi yake zaman layin magani. Amma duk maganarsu ba ta wuce "ka sha na safe?" da "na sha" ba. Na yi ta jira ɗayansu ya buɗe baki, babu wanda ya buɗe. Wata hantsi na kai masa kunu, maigida ya fita sayo magani, 'yata ta hau gadon ta zauna kusa da ƙafarsa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Amarya, gaya wa uwarki, idan wani ya tambaya, aikin bai ƙare ba. Saura damina ɗaya. Masu alamar tambayar nan, kada a ce wa mutane su sha da sunana." Na ce, "Ce wa Baba mun ji, Allah Ya ba shi lafiya ya ƙarasa da kansa." Ya yi murmushi kawai.

Ba a yi sadakar bakwai ba sai da abokan maigida biyu suka fara zuwa da maganar. A zaure suke zama, ni nake kai musu ruwa. Kuma wallahi maganarsu ba ta mugunta ba ce, tana da daɗin ji. Suka ce tsoho ya tafi, idan aka bar aikin zai ruɓe a kwali, gara ta cinye. A fitar da shi yanzu, sunan Baba a farko, na maigida na biyu, nasu su biyo baya tunda su za su gyara Turancin su nemi mujallar da za ta karɓa. Suka ce sadaka ce mai gudana ga mamaci, har lambarsa ta intanet za ta ƙaru, masu raina shi su ji kunya. Kuma har yanzu ba a rufe karɓar takardun ƙarin girma ba. Maigida yana jin su, ba ya cewa e, ba ya cewa a'a. Ya rame, ya daina cin abincin kirki.

Wata rana bayan azahar ya shigo ɗaki ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Ke kin fi ni jin maganarsa a ƙarshen nan. Ya ce wani abu a kan aikin?"

Na faɗa masa yadda Baba ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Na kuma gaya masa maganar rabin gaskiyar.

Ya ce, "Kin san abin da wannan yake nufi? Bana ma babu ke nan."

Na ce na sani. Kuma Allah Ya sani ina son ƙarin girman nan kamar yadda yake so, na gaji da ganinsa yana dawowa kamar wanda aka doka. Amma fuskar Madam ta ƙi barin idona. Na ce, "Ni ban san takarda ba. Abin da ya ce ke nan."

Har yau bai zauna ya ce mini ga abin da ya yanke ba. Sai dai da ruwa ya zauna sosai, wata Asabar na fito na same shi a bakin rijiya yana wanke kular Baba da kansa. Abokan nan sun daina zuwa, ɗaya ma ya ce masa taurin kai gado ne. An rufe karɓar takardu, sunansa ba ya ciki.

Ranar farko da ya fita, kafin azahar ya dawo da kwalabensa kusan duka babu komai. Abin da ba mu yi tunani ba ke nan. Baba tsoho ne, kowa kakansa ne. Maigida kuwa namiji ne da ƙuruciyarsa, babu mai barin sa ya shiga tsakar gidan matan aure, masu gidan kuma da safe duk sun fita nema. Idan aka ce yaro ya ɗebo masa, sai ya kawo a kofin da aka sha koko, ruwan ya tashi daga aiki. Ya zauna a gindin mangwaro ya rasa abin yi. Hajiya ce, daga ɗakin takabarta, ta ce, "To ba ga matarka nan ba?"

Haka na shiga aikin. Ya koya mini yadda ake buɗe kwalbar ba tare da yatsa ya taɓa bakinta ba, da yadda ake zuba ruwan daga gugan gidan, a rufe nan take. Shi yana tsayawa a waje da kular, ni in yi sallama in shiga, 'yata tana riƙe da gefen hijabina. Rannan muna dawowa a keke ya ce, "A ƙa'idar Baba, sai an sa sunanki a takardar nan, tunda ke kike ɗiba." Na ce ya rufa mini asiri. Dariyarsa ta farko ke nan da na ji tun rasuwar.

Ba zan ce abin yana tafiya daidai ba. Na gaji, shi ma ya gaji. Ga shi ni mai tsoron mutane ce. Wasu gidajen suna karɓata da kyau, har a yi mini ta'aziyya a ba 'yata gyaɗa. Wasu suna cewa maigidan bai bar izini ba. Wasu sun ji jita-jitar wai hukuma ce ta aiko a rufe rijiyoyi ko a sa musu haraji. Alhajin nan ya hana a buɗe mana gidajensa gaba ɗaya. Cikin masu alamar tambayar da muka samu shiga, an riga an samu waɗanda bana ruwansu ya ɓaci, mun koma mun faɗa musu. Ta Madam muna jiran sakamako. Ban sani ba ko wata mujalla za ta karɓi aikin idan an gama, ko za a ba maigida maki nawa a kansa, shi ma ya ce bai sani ba. Abin da na sani shi ne damina ta raba tsakiya, gidajen da suka rage suna da yawa, kuma idan ruwa ya ɗauke ba mu gama ba, sai wata shekarar.

Don haka ga roƙona. Idan a Tudun Wada kake, kuma Baba ya taɓa ɗiban ruwan rijiyar gidanka, don Allah ka bar sallahu a gida kafin ka fita ranar Asabar, cewa idan wata mata ta yi sallama da 'yar kwalba a hannu da yarinya a gefenta, a bar ta ta shiga. Ba daga hukuma muke ba, ba a biyan komai, ba zan wuce bakin rijiya ba, kuma duk abin da aka gani za mu dawo mu faɗa muku. Wanda kuma ba a unguwar yake ba, ya sa Baba a addu'a. Allah Ya gafarta masa, Ya yafe masa tsakaninsa da ɗansa, Ya ba mu ikon gamawa kafin ruwa ya ɗauke.